Azumin Dutse

A unguwar su Tambaya, can bayan Bunkure inda hanyar kanal ta yi gwiwa, gidajen Kirista tara ne, coci ɗaya, sakataren coci ɗaya. Sakataren shi ne mijinta, Ibrahimu. Ba wanda ya zaɓe shi. Biro uku yake sakawa a aljihun gaba, sai jama'a suka ga ba a kyauta ba a bar su haka ba aikin yi.

Ranar Larabar Toka ta shekarar 2005, ranar da Kirista ke ɗaukar azuminsu na kwana arba'in kafin Ista, Fada, limamin cocinsu, ya zo a kan babur ya shafa wa kowa toka a goshi. Wa'azin gajere ne, don akwai wasu ƙauyuka uku suna jiransa. Ya ce ban da rage ci, kowa ya duba abin da ransa ya fi maƙale wa, ya ajiye shi har Ista. Ya ce kuma abin da mutum ya bari tsakaninsa da Allah ne, ba sai an ɗauko maroƙi ba.

Ƙarar babur ɗin Fada ba ta gama ɓacewa ba Ibrahimu ya miƙe da takarda a hannu, ya ce kowa ya ɗan dakata. Ya gyara murya ya karanta wa jama'a cewa shi, a bana, ya bar naman kaji, ya bar lemon kwalba, ya bar shayi mai madara, ya bar kiran waya. Na ƙarshen sai da ya maimaita shi da Turanci.

Tambaya tana bencin mata tana saurare. Rabon gidansu da kaza tun Kirsimeti, ita ma kazar don ta fara gyangyaɗi ne aka yi maza aka yanka ta. Lemon kwalba sai in an yi biki. Wayar kuwa, wadda 'yarsu Asta ta aiko daga Kano, ba ta kama sabis sai an hau gadar kanal an ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa a kotu. Shayin ne kaɗai gaskiya, kuma ta tausaya masa a kan shayin.

Tokar goshinsa ta kwana uku. Kewaye ta yake yi in yana wanke fuska. Ranar Jumma'a da safe Tambaya ta same shi a tsugune gaban murhu yana ƙara mata kauri, ta ce masa ta itacen darbejiya ta fi kama jiki, ta wuce abinta.

A wannan ranar ya buɗe littafin coci, inda ya ja layi ya rubuta sunan kowa da abin da ya bari.

"Maman Asta, gurbinki ne kaɗai ba komai. Me zan rubuta?"

Ta ce tana dubawa tukuna. Ya ba ta shawarar goro, ta tuna masa ba ta cin goro. Ya ce ai shi ya sa zai yi mata sauƙi. Da ya ga ba ta ɗauka ba sai ya kawo maganar surutu. Ta ce in ta bar magana kwana arba'in, wa zai riƙa gaya masa ya sa hula a bai-bai?

Amma abin ya tsaya mata a rai. Ta duba kicin, ta duba ɗaki, ba ta ga abin da za ta ajiye ta ji zafinsa ba. Tuwo dai tuwo ne, in an rage shi yau gobe yana nan. Sai da gari ya waye Asabar, ranar ruwa, ta isa gona ta sunkuya ta kama dutsenta, sannan ta tsaya cak. Ta san ta samu, kuma ba ta ji daɗin samun ba.

Ga yadda zancen dutsen yake. Lokacin da aka yanka gonaki aka kawo ruwan madatsar Tiga, gonar kakan Tambaya gida biyu aka raba ta. Ta sama ta zama ta uban Tambaya, wanda ya bi 'yan mishan. Ta ƙasa ta zama ta ƙanwarsa, wadda ta musulunta ta yi aure a ƙauyen gaba. Yanzu ta saman tana hannun Tambaya, ita ke noma ta, don Ibrahimu yana da ciwon baya mai tashi da ya hangi fartanya. Ta ƙasan kuma tana hannun Hambali, ɗan gwaggon nata. Taubasai ne ke nan, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, kuma tun suna yawo ba wando ba a raba gardamar ba.

'Yar kwata ɗaya ce ke shayar da gonakin biyu. Daga kanal take fitowa, ta bi ta gefen Tambaya, ta gangara wajen Hambali. Ana buɗe ruwa Talata da Asabar, daga hantsi zuwa la'asar. Tambaya tana da fangali goma sha biyu na albasa. Takwas suna shan ruwa ba wahala. Huɗu kuwa suna kan ɗan tudu, ruwa ba ya hawa can sai an tare shi ya kumbura. To, akwai tsohon dutsen niƙa na kakarsu, wanda injin niƙa ya kora daga aiki. Shi Tambaya ke garawa ta dasa a maƙogwaron kwatar, ta cusa ciyawa a gefe. Ruwa ya taru ya hau tudu, albasa ta sha ta ƙoshi. Abin da ya tsiyaye ta ƙarƙashin dutse shi ne rabon Hambali, sai ta gama ta ɗauke, lokacin kuwa mai buɗe ruwa ya kusa dawowa da makullinsa.

Shekara bakwai ana haka. Sau ɗaya Hambali ya zo zai ɗauke dutsen da hannunsa. Tambaya ta tattare zane ta shiga kwatar ta zauna a kansa, ruwa har ƙugu, ta ce bismilla, ya ɗauka. Ya tsaya yana kallon matar aure a zaune cikin ruwa, ya rasa ta ina zai kama, ya koma. Tun daga ranar sai dai baki. Tumatirinsa kullum ƙanana kamar gauta, albasar tudun nan kuwa ita ce dillalan Kura ke fara tambaya.

Ta daɗe a sunkuye da hannu a kan dutsen. Ta ce wa Allah, a zuci, da goron ma ba laifi ba ne. Ba ta ji amsa ba. Sai ta gara dutsen, ba wajen kwata ba, wajen gindin darbejiyar da ke bakin gona, ta kifa shi a can. Ruwa ya zo, ya leƙa fangalinta takwas, ya gaida na tudu daga nesa, ya gangara wajen Hambali da gudu kamar an aike shi.

Da yamma sai ga Hambali a ƙofar gidansu, ƙafa duk taɓo, baki har kunne. Ba wajenta ya zo ba, wajen Ibrahimu ya zo. A nan ta ji abin da ba ta sani ba. Ashe watanni biyu da suka wuce Hambali ya roƙi Ibrahimu ya rubuta masa takardar kuka zuwa ofishin ruwa, cewa ruwa ba ya isa gonarsa. Ibrahimu ya rubuta, shafi biyu, da Turanci, bai tambayi abin da ke tare ruwan ba, don rabonsa da gonar tun bikin Asta. Yau ga ruwa ya zo tun hantsi. Hambali ya ce lallai takarda ta isa hannun manya.

Ibrahimu ya jingina da bango ya lumshe ido. Ya ce akwai wata kalma da ya sa a layi na uku, tun yana rubuta ta ya san ba za a kwana biyu a ofishin nan ba a yi taro ba.

Hambali ya leƙo tsakar gida inda take tankaɗe.

"Baiwata, kina ji? Gwamnati ta tuna da ubangidanki."

"Na ji, bawa. Allah ya sa ta ɗore."

"Ke naki ruwan lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya fi na kullum laushi. Hanyar Hambali zuwa gonarsa ta ƙasa take, ba ya bi ta wajen darbejiya, saboda haka ta san bai ga dutsen ba. Nan ta gane azumin nata biyu ne. Ga barin dutse, ga haɗiye magana, kuma na biyun ya fi kama maƙogwaro.

Labarin takarda ya zaga. Kafin mako biyu mutum huɗu sun zo Ibrahimu ya rubuta musu tasu, ɗaya a kan ruwa, biyu a kan taki, ɗaya a kan surukarsa. Ya ƙara biro na huɗu.

Albasar tudu ta yi haƙurin mako biyu. A na uku bakin ganyen ya fara ja, ya sunkuya. Zafi ya shigo, irin na watan Maris mai sa ƙasa ta daddare kamar tafin ƙafar tsoho. Tambaya ta koma ɗiban ruwa da bokiti daga kwata tana hawa tudu da shi, ga azumi a baki har azahar. Bokiti arba'in ba su jiƙa fangali ɗaya yadda dutse ke jiƙa huɗu kafin ta gama cin ɗumame. Ta zaɓi fangali guda, na kusa da kwata, ta ce wannan za ta iya riƙewa. Sauran ukun ta riƙa wucewa ta gabansu da kai a sunkuye, kamar mai wuce gidan da ta ƙi zuwa gaisuwa.

Ana cikin haka aka yi shela cewa za a rufe ruwa kwana takwas don gyaran kanal, in an buɗe kuma rana ɗaya ce tak kafin a koma tsarin da, kuma ranar ta faɗo Lahadi.

Lahadi kuwa tana da hukunci a gidan. Tun makon farko Ibrahimu ya zo da fatawa. Ya zaunar da Tambaya ya ƙirga mata da yatsu cewa daga Larabar Toka zuwa Ista kwana arba'in da shida ne, in ka cire Lahadi shida sai arba'in cif. Ma'ana Lahadi ba ta cikin azumi, ranar murna ce. Kuma gaskiyarsa ne, don Fada ma ya taɓa faɗa. Saboda haka duk Lahadi in an taso daga coci yakan sha shayi kofi uku, ɗaya na ranar, biyu na ramuwa, da madara har cokali ya tsaya.

Kwana takwas ɗin nan Tambaya ta yi su tana juya fatawar. Ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Ba ita ta ce a yi gyaran kanal ba, ba ita ta ce a buɗe ruwa ranar Lahadi ba. In aka bi ta tsanaki, kamar ma dai an shirya mata ne daga sama. Rana ɗaya ta dutse za ta dawo da fangali ukun nan, don albasa ba ta da riƙo, in ta sha sau ɗaya ta yafe.

Ranar Lahadin ba ta ko tsaya cire zanen zumuntar mata ba. Daga coci ta zarce gona. Ta kama dutsen ta birkito shi daga gindin darbejiya, ƙadangaru biyu da suka riga suka tare a ƙarƙashinsa suka watse. Ta gara shi har bakin kwata, daidai maƙogwaron, inda gurbinsa na shekara bakwai ke nan kamar an auna. Ta yanko ciyawar cusawa ta ajiye a gefe. Daga sama ta fara jin ruwan yana tahowa, yana turo karmami da busasshiyar ƙasa a gabansa.

Ta ɗaga kai ta duba ƙasa, don ta tabbata ba mai kallo.

Hambali yana can, nesa, bai ma juyo ba. Ya naɗe wando har gwiwa, yana tsaye a bakin gonarsa da fartanya a kafaɗa. Ya riga ya buɗe bakin kowane fangali, ya share hanyar ruwa tas, yana jira. Tumatirin ya yi fure, rawaya ko'ina, ga 'ya'yan farko sun fara girma, ya yi kwana takwas ba ruwa shi ma.

Abin da ya tsayar da ita ke nan. Shekara bakwai ba ta taɓa ganin Hambali a gona da hantsi ranar ruwa ba. Sai bayan azahar yake zuwa, a hankali, da rediyonsa, don ya san ba abin da zai tarar kafin nan. Yau ga shi tun kafin ruwa, ya buɗe komai, kamar mutumin da aka yi wa alkawari.

Ta yi tunanin lissafin Ibrahimu, arba'in da shida a cire shida. Lissafin daidai ne. Sai dai furen tumatir bai yi makaranta ba, bai san Lahadi ba, in ya sha rana yau zubewa zai yi.

Ruwan ya iso. Tambaya ta juya dutsen ta kwantar da shi a kan gaɓa, ta zauna a kai, wannan karon a busasshiyar ƙasa. Ta ga ruwan ya shige ta gurbin dutsen ya wuce. Can ƙasa ta hangi Hambali ya sauke fartanya ya fara aiki da sauri, yana tsalle daga kunya zuwa kunya kamar ba mai jikoki ba. Ta zauna har sai da ta tabbata ba za ta canza shawara ba, sannan ta tashi ta ɗauki bokiti, da zanen zumunta da komai.

Fangali ukun suka tafi. Da aka zo cire albasa, abin da ta tono a cikinsu bai fi ƙwan zabo girma ba, ta zuba a kwando ta ce na miya ne. Na huɗun, ɗan bokiti, ya yi dama-dama. Takwas na ƙasa suka yi yadda suka saba. Dillalin da ya zo daga Kura ya tambaye ta ina ta tudun nan, ta ce bana tudu ya huta.

Ranar Ista aka yanka kaza mai cikakkiyar lafiya. Ibrahimu ya sa babbar riga, ya ja rabin 'yan coci zuwa gadar kanal don su shaida buɗe bakin wayarsa. Ya ɗaga hannu sama, ya kira Asta. Aka ce wayarta a kashe take. Ya tsaya a haka ɗan lokaci, sannan ya ce wa jama'a ai ita ma tana coci, aka watse.

Talata ranar ruwa ce, kuma azumi ya ƙare. Tambaya tana da sabon dashen barkono a kan tudu. Ta kama hanyar gona da ƙarfinta, ba mai bin ta bayani, ba wanda zai ce ta karya wani abu.

Ta tarar da mutum zaune a kan dutsen. Hambali ne, ya miƙe ƙafa, ga babban kwandon tumatir a gabansa, manya, jajaye, an rufe da ganye.

"Barka da Salla, baiwata. Ko ba haka kuke cewa ba?"

"Haka muke cewa. Tashi mini daga kan dutse."

"Dutsen kakata ne ni ma." Ya tura mata kwandon da ƙafa. "Matata Zuliha ta ce a kawo miki. Ta ce shekara bakwai ba ta yi miyar da ta rufe shinkafa ba sai bana."

Tambaya ta ce ai sai ya kai wa mai takarda, ko ya ɗora a mota a kai wa gwamnati.

Hambali ya yi dariya har da tari. Ya ce takardar tana nan a aljihun rigarsa ta Jumma'a, bai taɓa kai ta ko'ina ba, don da aka karanta masa ita shi kansa bai gane ko ruwa yake nema ko aikin soja ba. Ya ce tun Asabar ɗin farko da ya ga ruwa da hantsi ya biyo kwata a baya-baya har sama, ya ga dutse kife a gindin darbejiya, ya ga ragowar toka a goshin mijinta, ya haɗa.

"To don me ka zo kana yi mini ihun gwamnati a ƙofar gida?"

"Mijinki ya ce Fadanku ya ce ba a shela. In na yi miki godiya ai na karya miki azumi." Ya sosa gemu. "Kuma na ji daɗin kallon fuskarki, ba zan ɓoye ba."

Ta kira shi bawan banza. Ya ce ya karɓa, yau ɗaya.

Daga sama aka fara jin ruwa. Hambali ya miƙe daga kan dutsen, ya kakkaɓe riga, ya ja gefe. Bai ce kada ta sa ba. Ya dubi kwata, ya dubi tudun da ya bushe, ya ce ya ga asarar da ta yi, ba makaho ba ne. Sannan ya rage murya kamar mai neman sirri.

"Wai ni, Tambaya, ku ba ku da Sitta Shawwal? Mu in mun gama namu mukan ƙara shida, don lada."

"Ba mu da shi."

"Kash. Addini mai kyau, sai dai wannan gurbin."

Ta sunkuya ta kama dutsen. Ta ɗan jijjiga shi. Ko dai ya ƙara nauyi a azumin nan, ko kuma bokiti ya cinye mata baya. Ta sake shi ta miƙe, ta ce yau ba ta jin ƙarfi, sai Asabar. Hambali ya ce Allah ya ƙara lafiya, amma ba da gaggawa ba. Ya karɓi bokitin daga hannunta ba ta ba shi ba, ya shiga kwata, ya fara miƙo mata ruwa tana zuba wa barkono. Suka yi ta yi har rana ta take, yana cewa ta ga yadda ubangida na gari ke yi wa baiwa hidima, tana cewa ya rage surutu ya cika bokiti.

Da Asabar ta zo sai suka yi magana ta manya. Dutse zai shiga kwata daga buɗe ruwa zuwa lokacin da inuwar darbejiya ta taɓa kunyar farko, daga nan a fitar da shi, kuma Hambali ne mai fitarwa tunda shi ke da baya. Ba a rubuta ba, don kada a nemi biro.

A Talatar da Hambali ya kawo kwandon kuwa, tun kafin magariba ma, ta yi miyar tumatir da ƙananan albasarta, mai kauri, ta zuba wa Ibrahimu a kan shinkafa. Ya ci ya yi gumi, ya ce wannan duk albarkar layi na uku ce. Da ya wanke hannu ya jawo littafin coci zai rufe shafin azumi, ya ga gurbinta har yanzu fari.

"Maman Asta, Fada zai duba littafin nan. Kowa da abinsa, har yara. In rubuta ba ki bar komai ba?"

Tana kankare ƙanzo a tukunya, ba ta ɗago ba.

"Rubuta haka, Baban Asta. Ka sa da Turanci."